Kuɗin Rufin Ɗaki da Tarihin Masu Ƙera Injin Wuta

Wani dare cikin watan Maris na 2025 na fito daga ɗakin watsa shiri, na kunna wayata, sai na tarar da kira har uku daga yayana da ke zaune a Hambug ta ƙasar Jamus. Gabana ya faɗi, domin Yaya ba mai yawan kira ba ne, saƙon murya ya saba turowa. Da na same shi, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai, abin nan namu ya faɗi. Ya koma rabin kuɗin da ya kai bara. In akwai abin da ka ajiye, turo a ƙara maka. Irin wannan araha ba ta kwana."

Na ce, "Yaya, ai ka san abin da na ajiye, ka kuma san dalilin ajiye shi."

Ya ce, "Na sani, shi ya sa na kira ka. Wata shida kawai, ka rufe ɗakunan har ka yi wa tsakar gida siminti."

"Abin nan namu" hannun jari ne na wani kamfanin Turai mai ƙera kayan wutar lantarki. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu ma'aikatan rediyo ba ma ambatar kamfani sai ya biya kuɗin talla, kuma ba tallarsa ko ɓatancinsa ya kawo ni ba. A ƙarshen 2023 na tura wa Yaya jaka 400 na sefa, wajen Yuro 600 ke nan, ya saya mini ta asusunsa. Cikin ƴan watanni farashin ya kusa ninkawa, na riƙa duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Daga nan ya fara gangara, yau ya hau, gobe ya zube fiye da hawan da ya yi, har ya dawo kusan inda na same shi. Abin da Yaya yake so in ƙara da shi kuwa sefa miliyan ɗaya da rabi ne, tarin shekara huɗu na adashi da kuɗin sanarwar biki, wanda na ware don rufin ɗakuna uku da na tayar a filina na bayan garin Maraɗi. Ni da maiɗakina da yara biyu har lokacin haya muke, ga damina tafe.

Dalilin da ya sa na saya tun farko, duk wanda ya zauna a Nijar cikin 2023 zai gane shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take sayar mana, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Masu ƙanƙara suka rufe firji, masu walda suka zauna gindin bishiya, mu a wurin aiki janareto ya zama shi ne babban ma'aikaci. Ina ji ina gani masu sayar da farantan sola da batura suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba. Sai na ce wa kaina: duniya ba za ta taɓa daina buƙatar wuta ba, don haka mai ƙera kayan wuta ba zai taɓa asara ba. Da wannan lissafi na shiga, kuma da shi Yaya yake so in ƙara zurfi.

Na roƙe shi ya ba ni mako biyu. Ba ni da ilimin kasuwar hannun jari, aikin jarida na karanta a Yamai. Amma ina gabatar da shirin tarihi duk mako, kuma abin da na iya ke nan: in abu ya shige mini duhu, in koma in ga yadda ya yi da waɗanda suka riga mu. Waiwaye adon tafiya.

A ranar 4 ga Satumba 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta wuta a titin Pearl da ke birnin New York na Amurka. Cikin shekara goma, kusan kowane gari a ƙasar so yake ya ga fitilar lantarki da jirgin ƙasa na cikin gari mai aiki da wuta. A 1892 aka haɗe kamfanin Edison da abokin gasarsa Thomson-Houston, aka sami General Electric, ƙarƙashin jagorancin Charles Coffin. Masu son injin ba su ƙirguwa, sai dai yawancinsu ƙananan kamfanonin gari ne marasa tsabar kuɗi. Don kada ciniki ya wuce, mai ƙera injin yakan karɓi takardun hannun jari da na bashi na mai sayen a madadin kuɗi. Kamar dai mai sayar da injin niƙa ne ya raba injuna a ƙauyuka, kowa ya rubuta masa cewa yana da kaso a ribar niƙa.

Shekara guda kacal da kafa kamfanin, rikicin kuɗi na 1893 ya auka wa Amurka. Bankuna ɗaruruwa suka rufe, manyan kamfanonin jirgin ƙasa suka karye. General Electric ya wayi gari da akwati cike da takardun da ba mai saye, ga masu bin sa bashi a ƙofa. Dole Coffin ya sayar wa manyan masu banki waɗannan takardu a kan farashin wulaƙanci don ya sami kuɗin hannu. Kamfanin ya tsira, amma masu hannun jarinsa na gama-gari sai a 1899 suka sake ganin rabon riba a kai a kai. A duk tsawon waɗannan shekaru, fitilun Amurka ƙaruwa suke yi, ba raguwa ba.

George Westinghouse ma bai tsira ba, alhali shi ne ya ci yaƙin fasaha. Shi ya tsaya kan tsarin wutar da ake iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma a tura ta nesa, irin wadda ke gidajenmu yau, ya sayi haƙƙin ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla a 1888. Kamfaninsa ya haskaka babban baje kolin Chicago na 1893, shi ya ƙera injunan da suka tura wuta daga gangaren ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo a 1896. Amma ya faɗaɗa masana'antu da kuɗin aro. Da wani rikicin kuɗi ya zo a Oktoba 1907, kamfanin ya kasa biyan bashi, kotu ta damƙa shi hannun masu riƙon ƙwarya. An ceto kamfanin, mai kamfanin ne ba a ceto ba: ya rasa iko da shi, zuwa 1911 ya rabu da shi ɗungurungum, ya rasu a 1914.

A Jamus ɗin da Yaya yake zaune an yi irin wannan kusan lokaci guda. Ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙera kayan lantarki sun riƙa gina wa birane tashoshi da kuɗin da su da kansu suka nemo. Kasuwa ta juya daga 1900. Kamfanin Kummer na Dresden ya karye a 1901. Schuckert na Nuremberg, wanda yana cikin manya, ya rasa yadda zai yi sai haɗewa da Siemens a 1903. Manyan biyu, Siemens da AEG, suka haɗiye yawancin sauran. Shi ma AEG ranarsa ta zo daga baya: a 1982 ya nemi kotu ta shiga tsakaninsa da masu bin sa bashi, a 1996 aka shafe shi a matsayin kamfani, sai suna ya rage a jikin kayan gida.

Abu na farko da na tsinta ke nan. Injin wuta kaya ne mai tsada wanda ake saye da bashi, ake ƙerawa da bashi. Ranar da bashi ya yi wuya a duniya, mai saye zai iya ɗage sabuwar tasha shekara biyu bai mutu ba. Mai ƙerawa kuwa masana'antarsa da ma'aikatansa da masu bin sa ba su san ɗagewa ba.

Cuta ta biyu ta fi ba ni mamaki, domin a idona ta faru ban gane ba. A 2000 Jamus ta kafa dokar da ta tabbatar wa duk mai samar da wutar sola ko ta iska farashi mai gwaɓi na shekara 20. Kamfanonin sola suka tsiro kamar ciyawar damina. Fitaccensu Q-Cells, wanda aka kafa a 1999 a gabashin ƙasar, ya shiga kasuwar hannun jari a 2005, zuwa 2007 ya zama kan gaba a duniya wajen ƙera ƙwayoyin farantin sola. Hannun jarinsa guda ya haura Yuro 80. Sai masana'antun ƙasar Sin suka shigo da yawa da araha, Sifen ta zabge tallafinta a 2008, Jamus ma ta riƙa rage nata. A watan Afrilu 2012 Q-Cells ya bayyana karyewa, hannun jarinsa ko Yuro 1 bai kai ba. Kamfanin Hanwha na Koriya ta Kudu ya sayi masana'antun da sunan, har yau ana sayar da faranti mai wannan suna, amma kuɗin masu hannun jari na da ya bi ruwa. Su ma waɗanda suka kayar da shi ba su sha ba: babban reshen Suntech na ƙasar Sin, wanda ya taɓa zama na ɗaya a duniya, ya karye a Maris 2013. SolarWorld na Jamus ya bi sahu a 2017.

Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. Wannan faɗuwar ce ta sa yau mai shago a Maraɗi ko Tasawa yake iya ɗora faranti a kan rufi ya kunna fanka da firji. Arahar da na gani a kasuwa na ɗauka alamar riba ce, ashe ita ce wuƙar da ta yanka masu ƙerawa. Buƙata ta ninka, duniya ta amfana, mai saye ya ji daɗi, wanda ya zuba jari a masana'antar ya tashi da hannu biyu.

Cuta ta uku ita ce alƙawari mai tsawo. Mai ƙera babban injin yakan sa hannu a kwangila yau, a kan farashin yau, ya kai kaya bayan shekaru, sannan ya ɗauki nauyin gyara na wasu shekarun. In ƙarfe ya yi tsada ko aka gano aibi a ƙira, shi zai biya. Kamfanin nukiliya mai ɗauke da sunan Westinghouse, wanda Toshiba na Japan ya saya a 2006, ya karye a Maris 2017 saboda tashoshin da yake ginawa a jihohin Georgia da South Carolina sun zarce kuɗi da lokacin da aka tsara, har ya kusa jan Toshiba ƙasa. General Electric ya sayi sashen wuta na kamfanin Alstom na Faransa a 2015 a kan kimanin Dala biliyan 10, daidai lokacin da odar manyan injunan gas ke shirin zubewa. A Yuni 2018 aka cire shi daga jerin Dow Jones, jerin da yana cikin kamfanonin farko da aka kafa shi da su a 1896. A Oktoban shekarar ya shafe Dala biliyan 22 daga darajar sashen wutarsa, ya mayar da rabon riba santi 1 kan kowane hannun jari duk wata uku. Tsofaffin da suka dogara da wannan rabo don cefane su suka fi jin jiki.

Na kusa da mu shi ne Siemens Energy, wanda aka ɓalle daga uwar kamfanin aka sa shi kasuwar Frankfurt ranar 28 ga Satumba 2020 a kan wajen Yuro 22. A Yuni 2023 ya sanar cewa an gano matsala a injunan iska na reshensa Siemens Gamesa, ya janye hasashen ribarsa. Washegari hannun jarin ya zube da kashi 37 cikin 100, a yini ɗaya. A ƙarshen Oktoba, da labari ya fita cewa yana neman lamunin gwamnati, ya sake zubewa da fiye da sulusi, ya koma ƙasa da Yuro 7. Asarar wannan shekara ta kai Yuro biliyan 4.6. Kuma duk wannan ya faru ne littafin odarsa cike maƙil.

To, a nan dole in yi wa Yaya adalci, domin tarihin nan bai tsaya a gefena kaɗai ba. A Nuwamba 2023 gwamnatin Jamus ta tsaya wa Siemens Energy da lamunin Yuro biliyan 7.5. Buƙatar taransifoma da injunan gas ta tashi, musamman saboda manyan rumbunan kwamfuta masu cin wuta, kuma zuwa ƙarshen 2024 hannun jarin ya kai Yuro 50. Wanda ya saya ranar da kowa ke gudu ya ninka kuɗinsa sau bakwai cikin shekara guda da ƴan watanni. Vestas na Denmark, mai ƙera injunan iska, ya rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na darajarsa tsakanin 2008 da 2012, ya rage ma'aikata dubbai, ya sauya shugaba a 2013, sannan ya farfaɗo. Sashen wutar General Electric ɗin nan da aka yi wa dariya, da aka ware shi a Afrilu 2024 da sunan GE Vernova, ya zama abin rububi. Saboda haka maganar Yaya cewa ana samun arziki a lokacin faɗuwa ba tatsuniya ba ce.

Matsalar ita ce daga cikin rami duk ramuka kama suke. Wanda ya ga Q-Cells ya sauko daga 80 zuwa 40 ya ce araha ce, ya ƙara. Da ya koma 20 ya ce yanzu ne ma arahar, ya sake ƙarawa. Hujjarsa da ta wanda ya sayi Vestas a 2012 iri ɗaya ce: duniya na buƙatar wuta. Duka biyun gaskiya suka faɗa, ɗaya ya yi kuɗi, ɗaya ya rasa komai. Ke nan wannan hujja, wadda ita ce kaɗai jarina na shiga, ba ta rarrabe komai.

Abubuwan da ke rarrabewa, gwargwadon abin da na gani, huɗu ne. Nawa ake bin kamfanin, nawa kuma yake da shi a hannu in kasuwa ta tsaya shekara biyu? Abin da yake ƙerawa, kowa zai iya kafa masana'anta ya kwaikwaya kamar farantin sola, ko kuwa irin babban injin gas ne wanda kamfanoni uku, GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi, suka mamaye kasuwarsa? Cinikinsa ya dogara da tallafin da majalisa za ta iya sokewa da zama ɗaya? Wane alƙawarin gyara ya ɗauka wanda bai riga ya bayyana a lissafi ba? Na sa Yaya ya turo mini rahoton shekara na kamfaninmu, na kwana uku a kansa da ƙamus. Na iya amsa ta farko, amsar ba ta tayar da hankali ba. Ta biyu da ta uku ba su yi mini daɗi ba. Ta huɗu kuwa na lura ko ƙwararrun Frankfurt sai ranar da aka sanar suke ji, kamar yadda ya faru a Yuni 2023. Ranar 27 ga Janairu 2025 ma, labarin wata manhajar ƙasar Sin mai suna DeepSeek kawai ya sa Siemens Energy da GE Vernova suka zube da kusan kashi 20 cikin 100 kowanne kafin faɗuwar rana. In masu zaune a bakin kasuwar haka take yi musu, ina ga ni da nake jin labari ta saƙon murya?

Daga nan sai na daina tambayar kamfanin, na koma tambayar kaina. Mu Maraɗawa mun san ajiyar hatsi. Ƴan kasuwa biyu za su sayi wake da kaka a farashi ɗaya, su zuba a sito ɗaya. Na farko da rarar kuɗinsa ya saya, in bazara ta zo farashi bai tashi ba sai ya rufe sito ya jira. Na biyu da kuɗin mutane ya saya, ranar da mai kuɗi ya yi sallama dole ya buɗe ya sayar ko nawa ake saye. Waken ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne wanda zai iya jira. Westinghouse ya fi kowa sanin injinsa, bai iya jira ba. Masu hannun jarin General Electric da suka ga 1899 su ne waɗanda ba su buƙaci kuɗinsu a 1894 ba. Wanda ya sayi Vestas a ƙololuwar 2008 sai da ya yi fiye da shekara goma kafin ya ga uwar kuɗinsa. Ga kuma lissafin da ɗan firamare zai iya: abin da ya faɗi da rabi, sai ya ninka kafin ya koma inda yake.

Kuɗina na miliyan ɗaya da rabi ba rara ba ne. Yana da mai shi, kuma mai shi yana da ranar zuwa: ruwan farko na watan Yuni, wanda zai sauka kan bangon da ba rufi. Wata shida da Yaya ya ambata, ban ga inda tarihin wannan sana'a ya taɓa yi wa wani alƙawarinsa ba.

Da mako biyun suka cika na kira shi. Na ce, "Yaya, na ciki a bar shi, ba zan sayar ba, ko shekara goma zai yi. Amma na rufi ba zai taso ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "In ya tashi fa? Kada ka zo kana cizon yatsa."

Na ce, "Zai iya tashi, Yaya, har ya ninka. In ya tashi ina da jaka 400 a ciki, zan yi murna. In ya faɗi ina da ɗaki."

Ya yi dariya ya ce wai na mayar da shi mai sauraron shirina. Muka yi yarjejeniya cewa bayan mun tare, duk wata zan riƙa ware abin da ba zai hana cefane ba in ya salwanta, kuma ba a kamfani ɗaya za a zuba shi duka ba. Shi dai ya ƙara nasa, da rarar albashinsa, kuma ban ga laifinsa ba, tunda rufin da ke kansa ba ya jiran wannan kuɗi.

Ranar Asabar ta gaba na je kasuwa da kafinta muka auno katako, muka ɗauko kwanon rufi a amalanke biyu. Da aka biya kowa, ɗan abin da ya rage na sayi farantin sola guda da ƙaramin batir. Na juya bayan farantin na karanta sunan masana'antar da ta ƙera shi, can ƙasar Sin, na yi wa masu hannun jarinta fatan alheri, na miƙa wa yaro ya hau da shi sama.